Tafsirin Baffa a Kan Batir Ɗaya

Yau kwana uku ke nan rana ba ta leƙo Bauchi ba. Marka ta sauka, irin wadda ba ta da tsawa ba ta da iska, sai yayyafi wuni guda. Wanki ya ƙi bushewa a igiya, gishiri ya jiƙe a kwano, ƙofar shagona ta kumbura sai na sa kafaɗa take buɗuwa. Jiya da hantsi ina zaune ina kallon ruwa yana bin kwata, sai ga 'yata Sadiya, wadda ke karatun zanen gini a jami'a, ta miƙo mini wayarta. Kwamfutar tebur take so in haɗa mata, ta kuma jera furosesa biyu tana kwatantawa. Furosesa shi ne ɗan ƙarfen nan mai faɗin akwatin ashana da ke cikin kwamfuta, wanda duk lissafin da take yi a kansa yake.

Ta ce, "Baba, wannan za mu ɗauka. Duba lambar gudunsa, ta fi ta wancan girma."

Na yi dariya har na ƙware. Ta tsaya tana kallona, ta ɗauka raina ta na yi. Ba ta san gado ta yi ba. Ni ma na taɓa faɗin wannan magana, a irin wannan marka, wajen shekara goma sha biyar da suka wuce, kuma saura ƙiris ta jawo mini kunyar da ba zan wanke ba har in mutu.

A shekarar, azumi a tsakiyar damina ya faɗo. Ina zaune a gidanmu na Ƙofar Wambai tare da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. Baffa malami ne. Duk azumi yana tafsiri a zauren gida bayan la'asar, abin da ya gada daga kakanmu. Ba irin babban tafsirin da ake sawa a rediyo ba ne. Mutum arba'in ne ko hamsin, tsofaffin unguwa da 'yan kasuwar da suka taso daga kasuwar Muda Lawal, sai mata da ke saurare ta bayan katanga suna tankaɗe. Baffa bai da mota, bai da gidan sama, kuma ban taɓa jin ya yi alfahari da komai ba sai abu ɗaya: tun daga zamanin mahaifinsa ba a taɓa fashin zama ko na rana ɗaya ba. Ranar da aka binne kakarmu ma, daga maƙabarta zaure aka wuce.

Ni kuwa sana'ata bidiyon biki da suna. Azumin da ya gabata na aro kyamara na ɗauki tafsirin duka, zama ashirin da takwas, Baffa yana ta faɗa. "Habu, me za ka yi da fuskata? Karatu ake ji, ba gemu ake kallo ba." Na zuba komai a rumbun ajiyar kwamfuta na bar shi nan, kullum ina cewa gobe.

Saura mako biyu a ga wata, Baffa ya faɗi yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Saura kwana uku aka sallamo shi daga asibiti, aka kwantar da shi a ɗakin da tagarsa ke kallon zaure. Da yamma dattawa suka zo gaisuwa, maganar da kowa ke gudu ta fito. Wani ya ce a nemo malami daga wata unguwa. Alaramma Tukur, wanda ya shekara ashirin yana ja wa Baffa baƙi, ya ce shi dai ba zai ja wa kowa ba Malam yana numfashi a bayan wannan taga. Na leƙa ɗakin, sai na ga Baffa ya juya fuska bango, hawaye na bin kunnensa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Malam da kansa zai yi tafsiri bana. Ina da na bara duka. Kullum zan kawo faifai ɗaya a sa a talabijin, ba za a yi fashi ba."

Alkawari a gaban dattawa goma sha biyu, kuma Baffa na ji.

Abin da ya ba ni wannan ƙarfin hali shi ne kwamfutata. Ingarma nake kiranta. Baƙa ce, doguwa, da fanka uku da fitila shuɗiya a gaba, kuma furosesanta lambar gudunsa uku da ɗigo huɗu. Na liƙa lambar a jikinta da manyan baƙaƙe don kowa ya gani. A shagon da ke jikin nawa akwai Madam Rifkatu, 'yar kudancin jiha, Kirista, mai buga takardu da gyaran kwamfuta. Tata kwamfutar 'yar gajeruwa ce, ruwan toka, gwanjon wani ofis, gefenta a lotse. Lambarta ɗaya da ɗigo takwas. Ni na raɗa mata suna Kunkuru, kuma ba na wuce ƙofar shagon ban tambaya ko ta farka daga barci ba. Madam ba ta taɓa biye mini ba. Takan ce, "Oga Habu, lamba ba shi ne aiki ba," ni kuma in ce haka marasa lamba ke faɗa.

Na kwashe Ingarma na kawo ta gida. Hoton daban na ɗauka, muryar daban, sai na zauna na haɗa su duka ashirin da takwas ɗin cikin kwana uku. Abin da ya rage shi ne kwamfuta ta juya kowane zama zuwa abin da na'urar faifai za ta iya karantawa. Mu a sana'a dahuwa muke ce masa, don ka ɗora ne ka koma gefe ka jira. Tafsirin awa ɗaya, Ingarma kan yi kusan awa uku tana dafa shi. In wuta ta ɗauke a tsakani kuwa, ba a ɗorawa, daga farko za a sake.

Ranar farko na fito da talabijin, aka yi gardamar inda za a ajiye ta. Wani ya ce a ɗora a kan buzun Malam. Alaramma ya ce atafau. Aka shimfiɗa buzun a inda yake kullum, aka bar shi babu kowa, aka sa talabijin a kan tebur a bayansa. Alaramma ya zauna a nasa wurin, yana jin muryarsa ta bara tana jan baƙi, leɓensa na bi. Da muryar Baffa ta cika zaure, na ga tsofaffi suna share ido da bakin rawani. Na dinga jin kaina wani babba.

Ranar biyu ga azumi da azahar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Aradu ɗaya ta faɗi, muka ji ƙarar har cikin haƙori, taransifomar da ke ba unguwarmu da layin shagunanmu wuta ta kama hayaƙi. Aka ce sai an kawo sabuwa. Kowa ya san ma'anar wannan: sai bayan salla, in an yi sa'a. Faifai biyar kawai na dafa.

Wanda bai yi azumin damina a shekarar matsi ba zai ɗauka sauƙi ne, tunda babu ƙishin bazara. Ƙishi kam da sauƙi. Yunwa ce ke nuƙurƙusar mutum, don tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Gero ya yi tsada a Muda Lawal har kunun gidanmu ya tsinke, kana iya ganin gindin kofi. Inna, matar Baffa, ta koma cika mana ciki da kwaɗon rama da tafasa da zogale, ƙosai kuwa sai ranar Juma'a. Itace a jiƙe, matata Zainabu tana hura wuta tun la'asar tana hawaye, hayaƙi ya bi duk tufafinmu. In ruwa ya tsagaita rana ta buɗe, sai wani zafi mai danƙo ya taso daga ƙasa, riga ta manne a baya. Ƙanƙara ta ɓace daga unguwa, muka koma ruwan randa. Ga kuma wahalar fetur, layi tun daga gidan mai har inda ido ya ƙare. Ko da fetur ɗin ma, ba zan haɗa kwamfuta da ƙaramin janareta ba. Ya taɓa ƙona mini rumbu guda, kuma tafsirin Baffa a rumbu ɗaya tak yake a duniya.

Mijin Madam Rifkatu, Oga Dauda, mai gyaran lantarkin mota ne a wani gareji bayan kasuwa. Yana tayar da injinsa da safe na 'yan awoyi, ya yi cajin batira. Shi ya ara mini tsofaffin batiran tirela biyu da inbata, akwatin da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida. Muka tsara: batir ɗaya na dahuwa, ɗaya na talabijin da lasifika. Bayan sallar asuba in ɗora su a baro in tura zuwa gareji, cikin taɓo har idon sawu, da azumi a bakina. Wajen sha ɗaya da rabi in turo su gida. Tafin hannuna ya yi kanta cikin kwana biyu.

Ranar uku ga wata na haɗa Ingarma da batir, na ɗora dahuwa. Fankokinta suka tashi da ƙugi, ɗakin ya ɗauki ɗumi. Layin da ke nuna ci gaban aiki ya wuce rabi, ya kai kashi biyu cikin uku, sai inbata ta fara kuka, allo ya yi baƙi. Na ce cajin ne bai cika ba. Washegari na tsaya a kan Oga Dauda har ya rantse mini batir ya ƙoshi. A wannan karon ba batir ne ya fara gazawa ba, zafi ne: rana ta buɗe, ɗaki ya zama tanda, Ingarma ta kashe kanta da kanta. Ranar biyar na cire murfinta, na sa Zainabu da Inna suna karɓa-karɓa da mafici, ni ina riƙe da wani. Manya uku masu azumi muna yi wa ƙarfe fifita, gumi na zuba. Inna ta ce ko Baffa da ke kwance ba a yi masa wannan hidimar ba. Layi ya tafi, ya tafi, har saura ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba. Inbata ta yi kuka.

Zainabu ta ajiye mafici ta ce, "Wannan ba ingarma ba ce, garwashi ce."

A ranar aka sa faifai na biyar, na ƙarshe. Bayan shan ruwa na shiga gaida Baffa. Tun da ya dawo daga asibiti magana ba ta fita sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu, su ma sai Inna ta fassara. Ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya daɗe yana kokawa da harshe.

"Gobe?"

Na ce, "In sha Allahu, Baffa."

Na fito daga ɗakin. Tsoro na ji, tsoro na gaske, da kunya. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne tun ranar da wuta ta lalace Madam Rifkatu ta ce in ɗauki kwamfutarta, tunda shagonta a rufe yake. Na ce mata abin da uku da ɗigo huɗu ya kasa, ɗaya da ɗigo takwas ko a mafarki. Girman kai rawanin tsiya.

Ashe Zainabu ta aika mata da saƙo ban sani ba. Ranar shida ga wata, na turo baro daga gareji ke nan, na tarar da Madam a tsakar gidanmu, ta yafa gyale, tana gaisawa da Inna. Ga Kunkuru a gefe, an naɗe ta da leda da tsohon zane saboda ruwa.

Ta ce, "Oga Habu, kawo rumbun naka."

Na ce, "Madam, batir ɗaya ne fa. In aka ɓata shi, yau babu tafsiri."

"In ka sa naka kuma akwai? Kwana uku kana gwadawa."

Alaramma Tukur, da ya zo jin halin da ake ciki, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Madam, ki yi mini bayani yadda zan gane. Shi ya ce tasa ta fi gudu kusan ninki biyu."

Ta ce, "Malam, nashi kamar mace ɗaya ne tana daka. Hannunta yana sauri sosai, amma taɓaryan ƙarami ne, tana ta haki tana zufa. Nawa mata biyu ne a turmi ɗaya suna lugude. Ba su ɗaga hannu da sauri kamar ta ba, amma kowane bugu yana shiga, kuma ba su cin abinci da yawa. Lamban da ya liƙa, saurin ɗaga hannu ne kawai. Ba ya gaya maka gari nawa ya fito."

Inna ta ce daga bakin murhu, "To ai wannan ko ni na gane."

Na kwance rumbun da hannuna na miƙa mata. Ta ɗaura shi a cikin Kunkuru, wadda dama akwai manhajar aikin a kanta, ta danna. Na kasa kunne ban ji komai ba, har na duƙa in duba ko ta tashi. Ɗan huci kawai take yi. Alaramma ya cire agogonsa ya ajiye a kan tabarma, muka zuba wa layi ido. Da ya kai rabi, Alaramma ya duba agogo ya dube ni. Na ɗora tafina a kan murfin, ɗumi kaɗan, kamar kofin shayin da aka manta. Awa ɗaya da kwata, na'urar ta turo faifai waje da kanta. Ko kiran azahar na biyu ba a yi ba. Na duba inbata, fitilarta kore shar.

Zainabu ta rangaɗa guɗa da azumi a bakinta, Inna ta ce mata ta rufa mana asiri akwai mara lafiya. Ni kuwa na ɗauki faifan ina jujjuya shi, ina neman abin da zan ce. Da ƙyar na ce wataƙila zaman ranar gajere ne.

Madam ta ce, "Oga Habu, gani ya kori ji."

Ban daddara ba. Bayan kwana biyu, da ragowar caji, na yanko minti goma na karatu na ba kowace ta dafa, Alaramma na alƙalanci da agogo. Kunkuru ta gama, muka yi hira, na je na yi alwala na dawo, Ingarma tana nan tana ƙugi. Allurar da ke jikin inbata kuma ta nuna tawa na jan wuta kusan ninki biyu. Ta fi ci, ta fi zafi, ta fi surutu, kuma ita ce a baya. A ranar na ɓanɓare lambar da na liƙa.

Daga nan kwanaki suka kama hanya. Asuba, baro, taɓo, gareji. Oga Dauda ba ya cin komai a gabana, ko ruwa sai ya zagaya bayan mota. Sha ɗaya da rabi in dawo, a ɗora dahuwa, in ɗan runtsa. La'asar a share zaure, a shimfiɗa buzu. Wata rana har faifai biyu nakan samu a batir ɗaya, in ajiye na tsaron gaba. Labari ya bazu, mutane suka ƙaru har ana shimfiɗa tabarma a waje in babu ruwa. Masara ta fara shigowa, ƙamshin gashinta na tashi daga bakin titi daidai lokacin da yunwa ta fi cizo. Inna ta ce da an fara karatu Baffa kan sa a jingina shi da bango kusa da taga, yana bi da yatsa a kan bargo.

Ranar sha bakwai batir ɗaya ya mutu murus, Oga Dauda ya ce ko za a kwana ana caji ba zai riƙe ba. Saura ɗaya, shi ne na dahuwa, shi ne na talabijin. A nan na san bambancin gudu da tattali. Da Ingarma ce, ko da ta iya gamawa, babu abin da za ta rage a kunna talabijin. Kunkuru takan dafa, ta bar mana abin da zai kai mu ƙarshen zama har da saura. Sai dai na tsaron gaba ya daina samuwa, waɗanda na tara kuma suka tafi a ranakun da Oga Dauda bai sami fetur ba.

Goman ƙarshe marka ta dawo da ƙarfinta. Katangar maƙwabcinmu ta zube, kwaɗi suka cika lungu. Ranar ashirin da takwas, ranar rufe tafsiri, sai wajen sha ɗaya na iya tura baro cikin ruwa har gwiwa, na tarar gareji ya zama tafki, an ɗora injin a kan tayoyi. Fetur ɗin da ya rage bai cika kwalba biyu ba. Oga Dauda ya cire batiran masu motocin da ke jira, ya haɗa nawa shi kaɗai. Ko awa biyu ba a yi ba injin ya yi tari ya mutu.

Ya ce, "Rabi ne ya shiga, Habu. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Zaman rufewa kuma shi ya fi kowane tsawo, don akwai addu'a. Na turo baro ina lissafi a zuci, duk ta inda na bi ba ya kaiwa. Madam Rifkatu ta biyo ni da lema. Da muka isa ta buɗe cikin Kunkuru, ta zare duk wayar da ba dole ba, har ta 'yar fitilar gaba. Ta ɗora dahuwa, ta ga layi ya motsa, sai ta kashe allon ta zare wayarsa.

Na ce, "Madam, ta yaya za mu san inda aka kai?"

Ta ce, "Ba sai ka sani ba. Allon nan yana shan wuta kusan kamar kwamfutan. Kallonka ba ya ƙara mata sauri."

Haka muka zauna, ni da ita da Alaramma da Zainabu, muna kallon baƙin gilashi, ruwa na dukan kwano. Alaramma na jan carbi. Madam ta sunkuyar da kai, na san ita ma tata addu'ar take yi. Fitilar inbata ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa. Na manta da yunwa. Ban taɓa jin awa ɗaya da rabi mai tsawon wannan ba. Ana kiran la'asar a masallacin unguwa, muka ji ƙit, faifai ya fito. Madam ta yi wuf ta kashe komai kafin in miƙe.

Zaure ya cika har soro na biyu, mutane a jiƙe, takalma sun yi tsibi a ƙofa. Na rage hasken talabijin, na rage lasifika daidai yadda na baya za su ji. Ina shirin dannawa sai Inna ta aiko a ce in dakata. Labule ya ɗaga. Maza biyu suka fito da Baffa a tsakaninsu, an naɗa masa rawani, ƙafarsa ta dama na jan ƙasa. Shi ya nuna da hannu yana so a fito da shi. Aka zaunar da shi a kan buzunsa, aka tokare shi da matashi. Zaure ya ɗauki kabbara.

Na danna. Muryar Alaramma ta bara ta ja baƙi, Baffan bara ya fassara daga bayan Baffan bana. Kowa na kallon malam, ni kaɗai nake kallon fitilar inbata a ƙarƙashin tebur. Ana tsakiyar gajerun surori ta koma ja. Na dinga cewa a raina, ki yi haƙuri, ki yi haƙuri, kamar mai lallashin jaki a kan tudu. Aka kai sura ta ƙarshe. A talabijin Baffa ya rufe littafi ya ɗaga hannu biyu. A kan buzu Baffa ya ɗaga na hagu, Alaramma ya matso ya tallafo masa na dama. Addu'a ta yi tsawo yadda ya saba, ya roƙa wa iyaye, ya roƙa wa malamai, ya roƙa wa unguwa da maƙwabta da damina mai albarka, amin na tashi kamar za ta ɗaga rufin. Ta bayan katanga ina jin mata suna amsawa, kuma na san muryar Madam Rifkatu a cikinsu.

Aka shafa fatiha. Hoton ya tsaya a kan fuskar Baffa yana murmushi, inda na yanke shi da hannuna wata guda da ya wuce. An kai ƙarshe.

Baffa ya waiga yana nemana da ido. Na rarrafa na durƙusa a gabansa. Ya dafa kaina da hannunsa mai lafiya. Maganar ta fito a hankali, a karkace, amma babu wanda ya nemi Inna ta fassara.

"Habu. Ba mu yi fashi ba."

Sai a lokacin inbata ta yi kuka, talabijin ta mutu. Ko mutum ɗaya bai waiwaya ba.